Libarba don uwargida: .22, .38 ko .357?

Baban Ilham, Rigasa:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana. Aiki yana yawan fitar da ni daga Kaduna, maiɗakina ake bari da yara a gida. Ina tunanin nema mata ƙaramar bindiga irin libarba, don an ce ba ta da wuyar sarrafawa. Wane harsashi ya fi dacewa da ita, .22, .38 ko .357? Ba ta taɓa riƙe bindiga ba.

Lauyan Unguwar Rimi:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin a kai ga harsashi akwai maganar doka, kuma ita ce babba. Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko haramtattu ne: mashinga, bindigogin soja, da libarba da fistol kowace iri. Lasisin waɗannan Shugaban Ƙasa kaɗai ke bayarwa, in ya ga dama. Kashi na biyu Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu, a nan bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu take. Na uku su ne bindigogin toka irin harba-ka-ruga.

Ke nan libarbar da kake magana ba a hannun DPO ko kwamishina take ba. Duk wanda ya ce zai haɗa maka takardarta a Kaduna, jabu zai ba ka. Wanda aka kama da ita ba lasisi yana fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, harsashin ma shi kaɗai laifi ne. Ka kuma lura, lasisi na mutum ɗaya ne. Ko kai ke da shi, bai rufe uwargida ba. Ita za a kama, ba kai ba. Sashe na 33(2) na kundin tsarin mulkin 1999 ya yarda mutum ya kare ransa da dukiyarsa da ƙarfi gwargwadon larura, amma wannan ba ya wanke laifin mallakar makamin.

Malam Makanike, Kawo:
Barista ya faɗi gaskiya. Zan amsa tambayar harsashin ne don bidiyoyin Amurka sun cika mana waya, mutane suna ɗauka duk ƙaramar bindiga mai sauƙi ce ga mace. Ba haka ba ne.

.38 Special da .357 Magnum kaurin harsashinsu ɗaya ne, kusan milimita 9. Bambancin yana cikin kwanso da albarushi. Kwanson .357 ya fi tsawo da kamar milimita 3, da gangan aka yi haka tun fitowarsa a 1935 don kada ya shiga bindigar .38, saboda matsin da yake yi wa ƙarfe ya ninka na .38. Shi kuwa .38 yana shiga bindigar .357 lafiya lau. A gajeriyar libarba mai bakin inci biyu, .357 wahala ne kawai: albarushin ba ya gama ƙonewa a ciki, sai walƙiya da ƙara mai toshe kunne a cikin ɗaki, ga dukan da take yi wa tafin hannu. Sabon hannu da ya sha wannan dukan sau biyu, sai ya fara runtse ido yana dannar da bakin bindiga ƙasa kafin ta tashi. Daga nan saiti ya lalace.

Kuskuren da aka fi yi shi ne zaɓar mafi rashin nauyi. Mai jikin alminiyam giram 400 da ɗoriya take, ta ƙarfe kuwa ta haura 600. Harsashi ɗaya, amma mara nauyin ta fi dukan hannu, don babu nauyin da zai shanye ƙarfin. Sai kunama: ta libarba tana buƙatar jan kilo 5 ko fiye da yatsa ɗaya. Wanda yatsarsa ba ta kai ba, hannun gaba ɗaya zai karkata.

.22 ba ta dukan hannu, amma abin da ke tayar da wutarta a gefen gindin kwanso yake, shi ya sa ta fi saura ƙin tashi, kuma kunamarta ta ma fi tauri. Ƙarfinta kaɗan ne. Don haka a ƙasashen da doka ta yarda, masu koyarwa .38 suka fi ba sabon hannu, a bindigar ƙarfe mai bakin inci uku ko huɗu, bayan shi mai riƙewar ya gwada da hannunsa.

Ƙirar gida kuwa, don Allah kar ka kusance ta. Bututun ruwa ba a yi shi don matsin albarushi ba, kuma idan ramin harsashi bai daidaita da bakin bindiga ba, ɓarɓashin dalma ta gefe yake fita, ko ta tarwatse a hannu.

Maman Sadiq, Malali:
Yallaɓai, ka tambaye ta kuwa? Makamin da mace ba ta nema ba, a ƙarƙashin zannuwa cikin wadirof zai ƙare, kuma yaro ne zai fara gano shi. Wanda ba shi da horo, a cikin duhu da firgici, ko a ƙwace a juya masa, ko ya harbi ɗan gida da ya dawo da dare.

Abin da zai yi mata amfani daren nan shi ne lokaci. A zaɓi ɗaki ɗaya, a sa masa ƙofar ƙarfe wadda aka dasa ƙafafun firam ɗinta cikin kankare, don yawanci firam ake ɓallewa, ba kwaɗo ba. Sakata biyu ta ciki, sama da ƙasa. A ajiye ƙaramar waya mai caji a ɗakin, da lambar DPO, ta 'yan sintirin unguwa, ta maƙwabta biyu, da lambar gaggawa 112. Fitilar sola mai kunna kanta a tsakar gida da bayan katanga, sai jiniya mai batir da makunninta ke kusa da gado. Yara su san in an ce su shiga ɗakin, babu tambaya. Ƙarfen taga ɗaya ya zama mai buɗuwa ta ciki saboda gobara.

Baban Ilham, Rigasa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya, zan zauna da ita. Barista, in ta yarda, mai baki biyun fa?

Lauyan Unguwar Rimi:
Da sunanta za a nema, ta hedikwatar 'yan sandan jiha. Doka ta hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda aka hukunta kan laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. A 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da ba da sabon lasisi, don haka ka fara zuwa can ka ji matsayin da ake ciki kafin ka ba kowa ko sisi. Bindigar farautar da ake ja wa hannu tana ɗura kanta ba ta cikin kashi na biyu, ita ma haramtacciya ce.

Malam Makanike, Kawo:
In lasisin ya samu, mai lamba 20, wadda bakinta bai kai na mai lamba 12 faɗi ba, ta fi 12 sauƙi a kafaɗa, muddin bindigar ba ta cika rashin nauyi ba kuma gindinta ya yi daidai da tsawon hannunta. Kada harsashin 20 da na 12 su zauna gida ɗaya. Na 20 yana zurmawa cikin bakin 12 ya maƙale, a ɗura na 12 a bayansa, bakin ya fashe. Bindiga a akwatin ƙarfe mai makulli, harsashi a wani daban. In an ja kunama ba ta tashi ba, a bar bakin yana kallon inda ba kowa na daƙiƙa 30 kafin a buɗe.