Taƙaitawa: sayar da tsohuwar Mustang da ambaliya ta taɓa

To jama'a ga abin da na tsinto daga amsoshin da mutane suka bayar kan yadda za a sayar da motar Ford Mustang ɗin 1967 da ruwan guguwar Harvey ya shanye a Houston ta Amurka.

1. Kusan kowa yace a faɗa cewa ruwa ya shanye ta tun layin farko na talla, har inda ruwan ya kai.
2. A ɗaga kafet a ɗau hoton tsatsa da lakar cikin but, warin danshi dai baya ɓuya.
3. Carfax, mai ba da rahoton tarihin mota, ba zai nuna ba tunda daga motocin 1981 yake farawa kuma motar ta girmi hakan, amma masu cewa a ja baki basu samu magoya ba, don in mai saye ya gano sai kotu.

Wajen kuɗi aka rabu, wasu sunce a gyara wayarin da birki tukuna, wasu a sayar yadda take a sauke farashi. Ni gaskiya ga sayar da ita yadda take na karkata.