Wanda kayan waje suka raba da aikinsa yana bin gwamnati bashi?

Malam Auwalu: Jama'a, ga matsayata, mai ja ya ja. Gwamnatin da ta sa hannu a yarjejeniyar ciniki, ta buɗe wa kayan waje ƙofa har masaƙa ta rufe, ma'aikacin da aka sallama yana bin ta bashi. Kowa ya sayi riga da araha, shi kaɗai ya biya kuɗin arahar da aikinsa. Amurka ta yarda da haka tun 1962, zamanin Shugaba Kennedy, da ta kafa shirin TAA na tallafa wa waɗanda kayan waje suka raba da aikinsu, inda ake biya wa mutum kuɗin koyon sabuwar sana'a, a ba shi alawus yayin da yake koyo, har da kuɗin ƙaura idan ya samu aiki a wani gari.

Hajiya Rabi: Malam, ina da ja. Ga mutum biyu maƙwabta, ɗaya kayan Sin suka kore shi, ɗaya kuma sabon inji aka kawo aka ce ba a bukatarsa. Yunwarsu iri ɗaya ce. Da wane dalili za a tallafi na farko har mako 130, na biyu a bar shi da ɗan alawus ɗin rashin aiki na wata shida?

Malam Auwalu: Hajiya, inji ba gwamnati ce ta kawo shi ba. Harajin shigo da kaya kuwa ita ta sauke.

Injiniya Bashir: A takarda maganar Malam tana da daɗi. A aikace fa? Sai ma'aikata ko ƙungiyar ƙwadago sun shigar da takarda Ma'aikatar Ƙwadago, an zauna an bincika ko da gaske kayan waje ne sanadi. Daga 1962 zuwa 1969 ba a amince da takarda ko ɗaya ba, daga baya dokar 1974 ta sassauta sharuɗɗan. Kuma yaya za a tsefe sanadi? Kamfani yakan sayo inji ne don ya iya gogayya da mai araha daga waje, to wanne ya kori ma'aikacin? Sannan binciken da kamfanin bincike na Mathematica ya yi wa gwamnatin Amurka a 2012 ya nuna bayan shekara huɗu waɗanda suka shiga shirin ba su kai takwarorinsu da ba su shiga ba samun kuɗi.

Dakta Maryam: Injiniya, ka faɗi rabi ka bar rabi. Wanda ya yi shekara biyu a aji dole samunsa ya yi ƙasa idan aka auna da wuri. Masanin tattalin arziki Benjamin Hyman ya bi waɗanda suka shiga shirin har shekara goma, ya tarar sun fi takwarorinsu da kimanin dala 50,000 a jimlace. Ni abin da ya fi damuna ƙanƙantar shirin. Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Disambar 2001. Ma'aikatan masana'antun Amurka sun ragu daga kusan miliyan 17 a 2000 zuwa kusan miliyan 11.5 a 2010. Ba duka laifin ciniki ba ne, amma masanin tattalin arziki David Autor da abokan bincikensa sun ɗora wa gogayya da Sin kusan miliyan ɗaya na ayyukan masana'antu tsakanin 1999 da 2011. A yankunan da abin ya fi shafa, kuɗin da aka ƙara kashewa a alawus ɗin naƙasa ya ninka na TAA sau da yawa. Wato an biya dai, sai dai ta hanyar da mutum ba ya komawa aiki.

Hajiya Rabi: To ai kin taya ni, Dakta. Tunda za a biya, a biya kowa. Tarayyar Turai ma da ta kafa irin wannan asusu a 2006, a 2021 ta faɗaɗa shi ga waɗanda aka sallama da yawa ko mene ne dalili.

Baba Iliya: Ku yi haƙuri da tsoho. Shekara 27 na yi a gaban injin saƙa kafin a rufe mana ƙofa. Duk kuna ta maganar koyon sana'a. Mai shekara 55 za a zaunar a gaban kwamfuta? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuma ba mu kaɗai muka faɗi ba, mai sayar mana da abinci a bakin ƙofa da direban da ke ɗaukar kaya duk sun bi mu, ba wanda ya lissafa su.

Dakta Maryam: Gaskiya ne, Baba. Don irinku aka yi wani sashe a shirin na Amurka: mai shekara 50 zuwa sama da ya karɓi aikin da bai kai na da albashi ba, a cika masa rabin giɓin har shekara biyu, iyaka dala 10,000.

Baba Iliya: Wannan da na samu da na karɓa, 'yata.

Injiniya Bashir: Ai ko a can ɗin babu shi yanzu, Baba. Tun 1 ga Yulin 2022 aka daina amincewa da sababbin takardu saboda majalisa ba ta sabunta dokar ba. Malam Auwalu, wane irin bashi ne mai biya ke yanke ranar da zai daina?

Malam Auwalu: Irin wanda aka ci aka ƙi biya, Injiniya. Hajiya, na amince a faɗaɗa wa kowa, amma a sa shi cikin yarjejeniyar cinikin kanta, idan tallafin ya tsaya rangwamen harajin ma ya tsaya.

Hajiya Rabi: Wace ƙasa ce za ta sa maka hannu a kan wannan?