Hoton Jijiyoyin Zuciya Bayan Tiyata: Abin da Muka Tattauna a Gombe

Bayan sallar Isha'i muka zauna da wani likitan zuciya da wasu dattawa da aka yi wa tiyatar dashen jijiya a zuciya, yawancinsu a Indiya.

Likitan ya fara da cewa tiyata ba ta kashe cutar. Kitse yana ci gaba da taruwa a tsofaffin jijiyoyi da sababbi. Jijiyar da aka ciro daga ƙafa, kusan rabinsu kan toshe cikin shekara 10, amma ta ƙirji fiye da kashi 90 cikin 100 na nan a buɗe.

Hoton Siti (CT), wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'ura, yana nuna dashen sarai, sai dai tsofaffin jijiyoyin da suka ƙandare suna ɓoye masa. Nan ne ake komawa ga anjiyogiram, a zura siririn bututu ta wuyan hannu ko matsematsi. Dukansu ana zuba ruwan rini a jijiya, wanda kan iya wahalar da ƙoda, don haka a fara gwada ƙoda, musamman mai ciwon suga.

Wani Alhaji ya tambaya ko duk shekara za a yi hoton. Likitan ya ce: "A'a, Baba, sai in ciwon ƙirji ko haki ya dawo."

Abin da ya fi taɓa ni: a adana takardar tiyatar, domin ita ke faɗin jijiya nawa aka dasa da inda suke.