Awon cinyewar kayan jirgin sama: aiki ne ko canki-canka?

Ɗan Kawo: Salamu alaikum 'yan hanga, ma'aikatan rumfar gyaran jirage. Zan faɗa ko da za ku cire ni daga zauren nan. Yawancin lambobin awon cinyewar bushin (zoben ƙarfen da sandar ƙarfe ke juyawa a cikinsa) da birki da ake rubutawa a takardar aiki canki-canka ne. A ba mutum uku bushin ɗaya da baniya ɗaya (ma'aunin nan mai baki biyu da ake zamewa), lamba uku za su ba ka, kowa kuma ya buga hatiminsa.

Oga Na-Mando: Canki-canka? Ƙanena, janye kalmar nan. Bambancin 0.02 mm tsakanin hannu da hannu iyakar ganin baniya ke nan. Inda littafin gyaran jirgi ya ce tazarar da aka yarda awo ya bambanta 0.05 mm ce kacal, baniya ba ta da hurumi. Maikuromita ake ɗaukowa, ma'aunin da ake murzawa, mai karanta 0.01 mm, a juya ɗan kan nan na baya har ya yi ƙas-ƙas, ba a matse ta da ƙarfin tuwo ba.

Ɗan Kawo: To Oga, wanda ya ɗauki ma'aunin da bai kai ba ya rubuta lamba, me ya yi?

Hajiya Injiniya: Kuskure ya yi. Mai canka ai bai auna ba sam. Kuma bushin ba ya cinyewa daidai a zagaye, gefen da nauyi ke dannawa yake ci, ramin ya koma siffar ƙwai. In ba a auna shi ta fuska biyu a gicciye ba, a baki da can ciki, lamba za ta fito lafiya alhali ya wuce iyaka.

Ɗan Kawo: Kuskure, canka, duk kanwar ja ce.

Oga Na-Mando: Ba ɗaya ba ne! Canka zargin ha'inci ne ga mai lasisi.

Malam Bazazzagi: Kun bar zafi a baya. A digiri 20 ake tantance ma'aunai. Alminiyam mai tsawon 100 mm da ya sha ranar Maris a fili ya kai digiri 40, yana ƙaruwa da kusan 0.046 mm. Tazarar taku ta kusa ƙarewa tun ba a taɓa shi ba.

Oga Na-Mando: Ba a gaya muku a kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya cewa maikuromitar ma ƙarfe ce ba? Ita ma tana buɗewa, wajen rabin wancan. Saura 0.023.

Malam Bazazzagi: Yallaɓai, in yanzu aka fito da ita daga ɗaki mai na'urar sanyi fa? Shi ya sa ake ajiye kaya da ma'auni wuri ɗaya su huce tare. Kwalejin Zariya kuwa tun 1964 aka kafa ta, a bar ta ta huta.

Oga Na-Mando: Tsufa ba hujja ba ne. 'Yan AFIT, makarantar fasaha ta sojojin sama da ke Kaduna, ma hannunsu na cikin giris kullum.

Malam Bazazzagi: Wa ya fara kawo sunan makaranta?

Hajiya Injiniya: Don Allah yayyena, birki da aka ambata ba wanda ya taɓa. A sa birki da cikakken matsin haidurolik, sannan a duba fil ɗin da ke nuna cinyewa. In ya shafe daidai da mazauninsa, birkin ya gama aiki. In aka duba babu matsi, fil zai leƙo fiye da gaskiya. Takardar tantancewa da ke manne a ma'auni kuma ba ta sanin ya faɗi ƙasa jiya. A goge ƙurar hunturu daga bakinsa, a rufe a ga ya koma sifili tukuna.

Ɗan Kawo: Mutum nawa ke yin haka?

Oga Na-Mando: Kai da ka ce “yawanci”, kawo lissafinka.

Shugaban zaure: To, mu rufe haka. Abin da ya fito fili: zafi na cikin abubuwan da ke ɓata awo, kamar yadda Malam Bazazzagi ya warware, kuma haka aka koya mana a Zariya. Ɗan Kawo bai kawo ko takarda ɗaya ba, sai ya goge kalmarsa. Oga Na-Mando, a daina taɓa makarantun mutane. Hajiya, mun gode.