Likitan gidanmu ne tun Baba na da rai, amma ƙafafun Hajiya sun kumbura

Maman Khalil: Salamu alaikum 'yan uwa, a ba ni shawara don Allah, kaina ya ɗaure. Akwai wani likita mai ƙaramin asibiti a nan cikin Katsina da gidanmu ke zuwa wurinshi tun ina firamare. Daren da Baba ya faɗi, da silifas ya zo gidanmu, ko sisi bai karɓa ba. Har ɗaurin aurena ya halarta. To Hajiyarmu na da hawan jini da ciwon gwiwa. Duk zuwa sai a yi mata allurar diclofenac ta rage ciwo, a ƙulla mata ƙwayoyi a farar leda, ba kwali ba suna. Yanzu ƙafafunta sun kumbura, in ka danna da yatsa wurin sai ya lotsa ya daɗe bai taso ba. Inda aka yi allurar ƙarshe ma ya yi tauri da zafi. Yaya ya ce a canza asibiti, Hajiya ta ce ita ba za ta ci amana ba.

Abban Sadiya: Maman Khalil, ki saurare ni da kyau. Diclofenac na tayar da hawan jini, yana kuma taɓa ƙoda in an daɗe ana yi. Gobe ki kai Hajiya Asibitin Koyarwa na Tarayya a auna ƙoda da zuciya. Ana ma auna mata jini kafin allurar? Wa ke yin allurar?

Maman Khalil: Wani yaronshi ne, ya daɗe a wurin, hannunshi ba zafi.

Ummu Hanan: Ni wani wurin kuɗi aka ce taifot ne, aka yi mani ƙarin ruwa leda uku, ashe ciki ne da ni. Duk wanda ya shiga, maleriya da taifot, kamar ba wata cuta a duniya.

Abban Sadiya: Gwajin jinin da ake kira Widal ne ake yi, shi kaɗai ba ya tabbatar da taifot. Maman Khalil, daɗewa ba takarda ba ce. Likita sai da rajistar MDCN, wato hukumar likitoci ta Najeriya, da lasisin da ake sabuntawa duk shekara. Ki duba bango, ki tambaya.

Inna Ta Daura: Haba ɗan nan, ta tsare dattijo da tambayar takarda? 'Yata, kumburin nan sanyi ne. Ki riƙa gasa mata da ruwan ɗumi, ta rage gishiri. Mu da muka kwana a layin kati mun san darajar likitan da ya san sunanka.

Abban Sadiya: Inna, da girmanki, wurin allurar nan in ya tara ruwa sai an tsaga.

Maman Khalil: Ni fa ban ce bai iya aiki ba. Bashi yake ba mu har ƙarshen wata, wa zai yi mana haka? Kuma ba shi ya ce a yi ta allurar ba, Hajiya ce ke cewa ƙwaya ba ta mata komai.

Ummu Hanan: To ledar ƙwayoyin fa, ta nuna wa wani ya gani?

Maman Khalil: Bari Yaya ya dawo daga Jibiya mu ji. Amma akwai wanda ya san ko man zafi na sauke kumburi?