Wai gadar nan ta Newcastle mai juyawa gaskiya ce ko haɗi ne?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum jama'a, masu ilimi ku taimaka. Wani bidiyo anka turo muna a guruf ɗin unguwa, gada ce ja da fari bisa gulbi, anka tsaida motoci sai ga gadar gaba ɗayanta tana juyawa bisa ƙafa guda a tsakiyar ruwa, jirgi ya wuce ta koma mazauninta. An rubuta wai Newcastle ce ta Ingila kuma wai ta haura shekara 140. Ni dai ƙwallo na sani ga Newcastle. Abokina ya rantse haɗin kwamfuta ne irin na yanzu. To in gaskiya ce, mi yas sa ba a yi ta da tsawo jirgi shi bi ƙarƙashi ba a huta? Kuma mi ka juya ta a wancan zamani?

Injiniya Arkilla:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa ka ce ma abokinka shi yi kaffara, gadar gaskiya ce. Tana bisa gulbin Tyne, ta haɗa Newcastle da garin Gateshead da ke tsallake, kuma a 1876 anka buɗe ta. Ɓangaren da ka gani yana juyawa tsawonshi ya kai mita 85, nauyinshi ya wuce tan 1,000, lokacin da anka gama ta babu gada mai juyawa da ta kai ta girma a duniya.

Ruwa ka juya ta. Injin tururi ne ke tura ruwa cikin wata doguwar tukunyar ƙarfe da anka nutsa cikin rami ƙarƙashin gadar, an ɗora ma ruwan nauyi mai yawa yana danne shi, in za a juya sai a sako ruwan nan da ƙarfinshi ya tura injin, injin ya murɗa haƙoran ƙarfe, gadar ta zagaya bisa tayoyin da ke ƙarƙashinta. In ka taɓa tsayawa ka ga tifa na ɗaga bodi za ta zubda yashi to dabarar guda ce, sai dai tifa mai ne su ruwa. A 1959 anka cire na tururi anka sa famfon lantarki, amma sauran kayan na asali ne na 1876, wannan shi ne abin da ya fi burge ni.

Maganar tsawo kuma, ai suna da mai tsawon dab da ita, tun 1849, jirgin ƙasa sama hanya ƙasa. Amma garin bisa tudu yake, kasuwanci da lodin kaya kuwa can ƙasa bakin ruwa, mai keken doki da kaya ba ya yiwuwa ka ce kullum sai ya hau tudu ya tsallaka ya sake gangarowa. Dole a samu gada a ƙasa. Gada a ƙasa kuma tana tare jirgi. Shi ke nan sai a yi wadda ka kaucewa.

Malam na Gidan Igwai:
Injiniya Allah shi ƙara basira, amma ka tsallake mai gayya mai aiki. Wanga aiki ba don talakan Newcastle shi tsallaka gulbi kaɗai anka yi shi ba, akwai wani attajiri William Armstrong, lauya ne tun farko ya aje lauyanci ya koma ƙira, a 1847 ya kafa masana'anta a Elswick yana ƙera injunan ɗaga kaya, daga baya ya koma manyan bindigogi irin igwa. Matsalarshi unguwar Elswick tana bakin gulbin can gaba da gadar, jirgin da ya taho daga teku sai ya ratsa gadar kafin ya kai, tsohuwar gadar dutse ta 1781 kuma gajera ce, sai ƙananan jiragen ɗaukar kwal ka iya ratsa ta. Da hukumar gulbin ta tashi yashe shi don manyan jirage sai anka rushe tsohuwar, kamfanin Armstrong ɗin ne kuma ya ƙera sabuwar da injinta. Kun san jirgin da anka fara juya ma gadar? Na Italiya ne mai suna Europa, ya tafi Elswick ɗaukar wata ƙatuwar igwa. Bayan 'yan shekaru sunka buɗe wurin ƙera jiragen yaƙi a nan, har Japan ta saya, da irin su ta yaƙi Rasha a 1905. Duk ta wannan 'yar ƙofa sunka fita zuwa teku. Ni shi yas sa in na ga ana yaba kyanta nikan yi shiru, kyau akwai shi, amma kasuwar makamai ce ta haife ta.

Wurin ma tsohon mashigi ne. Rumawa sun yi gada nan wajen shekara ta 122 zamanin sarki Hadriyan, daga baya anka yi ta dutse mai gidaje da shaguna bisanta, ita ce ambaliyar 1771 ta kwashe da mutane a ciki.

Sarkin Zolaya:
Kawu Malam ka ce ambaliya ka tuna min 2010, lokacin da Rima ya cinye hanyar jami'a wajen Kwalkwalawa ɗalibai da malamai sunka koma shiga kwalekwale 😂 Don Allah Injiniya a kawo muna irin wagga, in ruwa ya taso mu juya ta ya wuce mu maida abinmu. Kuma 'yan kabu-kabu su samu wurin hoto.

Injiniya Arkilla:
Sarki kai dai ba ka rabo da tsiya. Ruwa ba jirgi ba ne da za ka kauce mishi, in ka juya gadar ma ƙafarta na nan cikin ruwa, kuma abin da ambaliya ta fi ci ƙasar da anka cike bakin gada ce da gindin ginshiƙai. Mu namu magani a ɗaga hanya a yawaita kwalbatoci a bar ma fadama hanyarta. Sannan wane jirgi ka bin Rima? Da rani wani wurin yaro na ratsa shi da ƙafa, ga madatsar Goronyo da ta Bakolori can sama sun riƙe ruwan. Kwalekwalen masunta kuwa ko ya sunkuya ko bai sunkuya ba yana wucewa.

Su kansu masu abin ta zame musu kaya. A 1924 sau 6,000 anka juya ta cikin shekara guda, ka raba ka gani, wajen sau 16 kullum. Da lodin kwal ya mutu a Dunston, wata tashar jirage da ita ma sai an ratsa gadar ake kaiwa, ƙirar jirage ta tashi daga Elswick, sai ya zamo ba mai buƙatar wucewa in ba jirgin 'yan yawon buɗe ido ba, ana juya ta jefi-jefi don kada ta ƙage. A 2019 ta tsaya, anka kwashe shekaru ana ja-in-ja kan wa za ya biya kuɗin gyara, motoci dai na bi bisanta yadda sunka saba. Ka duba da kyau Ɗan Mabera, ina zaton bidiyonku tsoho ne.

Ɗan Mabera:
Allah shi saka da alheri Injiniya, Malam mun gode. Ashe har Turawa na barin abu ya lalace a tsaya ana gardamar kuɗi 😅 Na tura ma abokin nawa, yanzu kuma ya koma wai ta Landan da ka buɗewa sama ita ce ta gaske.

Malam na Gidan Igwai:
Ka ce mishi ita ma ta Landan ɗin, wadda anka buɗe a 1894, kamfanin Armstrong ne ya yi mata injin. In kuma girma yake so ba sai ya tafi Turai ba, shi nemi gadar jirgin ƙasa ta Firdan bisa mashigin Suwez a Masar, 2001 anka gama ta, mita 340, hannu biyu gare ta kowane na juyawa daga nashi gefe su haɗu a tsakiya.