Tsohon da ke kwana kofar shagona ba lafiya, wane maganin zan saya masa?

DanAboabo:
Salamu alaikum jama'a. Akwai wani baba dake kwana a barandar shagona nan Aboabo, bashi da kowa a Kumasi, yana da gyambo a kafa tun da dadewa amma yanzu kafar ta kumbura har gwiwa tana wari. Na saya masa amozilin a kemis, wani kuma ya bude kafso ya barbada masa a ciwon. Yau da safe jikinsa zafi rau, yana karkarwa yana haki, maganar ma sambatu yakeyi bai gane ni ba. Bashi da katin NHIS, wato inshorar lafiya ta gwamnatin Ghana. Wane antibayotik ne yafi karfi in saya masa?

Nas_Asawase:
Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya saka maka. Amma don Allah kar ka koma kemis. Zazzaɓi da haki da ruɗewa ga mai ciwo a ƙafa, wannan sepsis muke zargi, ƙwayoyin cuta sun shiga jini, jiki yana yaƙi da su har yana lalata ƙoda da huhu, jini ya sauka. Tambaye shi ko ya yi fitsari yau. Kira 112 ko ka sa shi a tasi zuwa asibitin Manhyia ko emajensi na asibitin Komfo Anokye, yanzu ba da yamma ba.

Kafso ba zai yi ba, ta jijiya ake ba da magani tare da ƙarin ruwa, kuma idan jini ya sauka ana so a fara cikin awa 1. Likita kan ɗebi jini a kai lab tukuna, sannan ya fara da antibayotik mai kashe ƙwayoyi iri-iri kamar ceftriaxone, wani lokaci da gentamicin, shi kuma gentamicin yana taɓa ƙoda shi yasa ba a yinsa da ka. In daga fata ne kamar na baban nan akan sa cloxacillin ko clindamycin, in ciwon ya ruɓe a ƙara metronidazole. Bayan kwana 2 ko 3 in sakamako ya fito sai a canza zuwa wanda ya dace da ƙwayar. Kuma magani kaɗai baya isa in akwai mugunya da ruɓaɓɓen nama a ciki, sai an yanke an wanke. Za su gwada maleriya da suga, ga allurar tetanus.

Alhaji_Kejetia:
to nas duk munji, amma wa zai biya?? ni na taba kai wata yarinya kayayo (mai dakon kaya a kasuwa) wani asibiti, kudin kati, kudin lab, magani kuma akace babu sai kasayo a waje

Nas_Asawase:
Gaskiya ne Alhaji, hakan na faruwa. Musamman in ƙwayar ta ƙi jin ceftriaxone aka koma wani antibayotik mai tsada, meropenem, nan kuɗi ke tashi, kuma shan kafso rabi da rabi da mukeyi a zango yana cikin abinda ke kawo wannan ƙin jin maganin.

Hajiyar_Zango:
DanAboabo in kun isa ka tambayi ofishin soshal welfeya na cikin asibitin, kace musu bashi da gida bashi da dangi. A tsarin NHIS marasa galihu basa biyan kudin shekara, haka ma wanda ya kai 70, sai dai takardun kan dauki lokaci don haka kar ka tsaya jiran kati, kai shi tukuna. Ka fadawa liman ayi sanarwa bayan azahar ma, mutane zasu bada abinda ya sawwaka. Ni abinda ke damuna bayan sallama ne, ace yasha magani sau 3 a rana ya rika zuwa wankin ciwo, mutumin da ke kwana kan kwali cikin damina kusa da kwata, ina zai ajiye maganin ma? Sai an samu mai daki ko na sati 2 ne.

DanAboabo:
Na samu tasi, yaron shago zai rike shi a baya. Nas in tafi da ragowar kafson?

Nas_Asawase:
Eh tafi da shi har kwalin, ka gaya musu yaushe ya fara sha da yaushe ya fara sambatu. Kar ku ɗura masa koko ko ruwa a hanya tunda baya cikin hayyacinsa, zai iya shaƙewa.